Farar rigar asibiti da 'ya'yanmu masu naƙasa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Duk shekarar da sakamakon jarrabawar shahada, wato ta kammala sakandare, ya fito a ƙasar nan ta Sudan, akwai wata shawara da ake yankewa a zaurukan Hausawa, daga Gadarif zuwa Mai Wurno, daga Damazin zuwa Kasala, wadda ba kasafai ake fitowa da ita fili ba. Shawara ce a kan yaron da ya ci maki mai yawa a ɓangaren kimiyya, irin makin da in da lafiyayye ne ya samu, da tuni unguwa ta fara kiransa dakta tun bai cike takardar neman gurbi ba. Amma da yake shi yana jan ƙafa, ko kunnensa ba ya ji sosai, ko hannunsa ɗaya ya shanye, sai iyaye da kawunnai su haɗu su zaɓa masa wani karatun da suke ganin shi ne daidai da shi. Ni malamin ilimin halittu ne a makarantar sakandare a nan Gadarif, na sha zama a irin wannan taro, kuma ra'ayina shi ne muna tafka asara da hannunmu, asarar da ƙasar da yaƙi ya tarwatsa likitocinta da ma'aikatan jinyarta ba ta da halin ɗauka.

Akwai wata ɗaliba da na koyar wadda shan inna ya taɓa ƙafarta ta hagu tun tana goye, tana tafiya da sanda guda da takalmin ƙarfe. Ita nake miƙa wa alli ta zana zuciya da jijiyoyinta a kan allo, domin zanenta ya fi nawa tsabta. Da makinta ya fito na je gidansu da murnata. Baffanta, dattijo mai mutunci wanda ba na shakkar ƙaunar da yake yi mata, ya saurare ni har na dasa aya, sannan ya ce: "Malam, Allah ya saka da alheri, amma likita fa gudu yake yi. Idan aka kawo mai haɗari cikin dare, ina ita ina gudu? Kada mu kai ta inda za a riƙa kallonta ana tausaya mata." Na ce: "Baffa, Allah ya ƙara girma, a cikin likitocin da suka taɓa duba ka, nawa ka gani suna gudu?" Ya yi dariya ya ce duk a zaune ya same su, sai dai dariyar ba ta sauya komai ba. Aka rubuta mata wani fannin, ita kuwa ta karɓa ba tare da musu ba, kamar yadda 'ya'yanmu mata suka saba.

Tambayar da na yi wa dattijon nan ba ta raha ba ce. Mafi yawan aikin likita saurare ne, da tambaya, da duba jiki, da haɗa alamomin ciwo wuri guda har a gano cutar, sannan a yanke shawarar magani. Kuma aikin lafiya bai tsaya ga likita kaɗai ba. Akwai mai haɗa magunguna, akwai mai awon jini da fitsari wanda yake yini a kan kujera idonsa a kan madubin awo yana neman ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ko ta kala'azar da ta daɗe tana addabar ƙauyukan jiharmu, akwai mai karanta hoton ƙirji da na ƙashi, akwai likitan ƙwaƙwalwa, da likitan haƙori, da mai gashin ƙashi, da mai ƙera ƙafar roba, da jami'in lafiyar al'umma. Duk wanda ya jera waɗannan ayyuka ya dube su ɗaya bayan ɗaya zai ga cewa kaɗan ne daga cikinsu ƙafa biyu lafiyayyu suke zama sharaɗi a kansu.

Inda gizo ke saƙar shi ne a idon da muke kallon mai naƙasa da shi. A ƙasar Hausa da kakanninmu suka baro, akwai sarkin makafi, akwai sarkin guragu, akwai sarkin kutare, kuma tsari ne da ya ba mutanen nan kariya da jagoranci a zamanin da babu wata hukuma da ke kula da su. Amma tsarin ya kafa mana wata ɗabi'a: mun san mai naƙasa a matsayin wanda ake bai wa sadaka, wanda ake kai wa asibiti, wanda ake nema wa lada a kansa. Ranar da aka ce shi ne zai zauna bayan tebur ya rubuta mana magani, sai abin ya zo mana banbaraƙwai. Abin mamakin shi ne a fagen ilimin addini ba mu taɓa samun wannan matsala ba. Babu wanda ya taɓa ƙin ɗaukar karatu a gaban malami don makaho ne. Shehu Abdul'aziz bin Baz ya rasa ganinsa tun yana saurayi, ya shugabanci Jami'ar Musulunci ta Madina, ya kuma riƙe muƙamin babban muftin Saudiyya daga 1993 har rasuwarsa a 1999. Tun kafin shi, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, wanda a kansa farkon surar Abasa ya sauka, Manzon Allah (SAW) ya sha barin Madina a hannunsa idan zai fita yaƙi. Har a fagen magani ma muna da namu: Dawud al-Anɗaki makaho ne, ya yi aikin likitanci a Alƙahira, ya bar littafinsa na magunguna da aka fi sani da Tazkira, ya rasu a Makka a shekara ta 1008 bayan Hijira. Mutanen zamaninsa sun miƙa masa hannu ya ji bugun jijiyarsu, sun sha abin da ya ce su sha.

Ba na cikin masu cewa duk wanda ya ɗaga murya a kan wannan batu maƙiyin naƙasassu ne. Akwai hujja mai nauyi da malaman kwalejojin likitanci ke kawowa, kuma ta cancanci a amsa ta da hankali. Suna cewa rai ake miƙa wa likita, kuma kwaleji ba ta yaye likitan ƙwaƙwalwa ko likitan hoto, tana yaye likita ne wanda za a iya jefa shi ƙauyen da babu wani likitan sai shi, ya karɓi haihuwa, ya ɗinke rauni, ya danna ƙirjin wanda zuciyarsa ta tsaya. A ƙasa irin tamu, inda asibitin karkara kan wayi gari da likita guda, wannan magana tana da ƙarfi fiye da yadda take da shi a Turai. Na yarda da haka, kuma ba zan ce a ba makaho wuƙar tiyata ba, domin shi kansa ba zai nema ba.

Sai dai a duba wani abu. Likitan da ya gama karatu, ya yi shekara goma yana aiki, sannan mota ta faɗi da shi ko harsashi ya same shi aka yanke masa ƙafa, babu mai hankalin da zai ce a ƙwace masa lasisi. Za a sama masa ofis a ƙasan bene, a rage masa tsayuwa, ya ci gaba da duba marasa lafiya, kuma kowa zai yaba da juriyarsa. To me ya sa yaron da ya zo da irin wannan ƙafar tun ranar farko ake rufe masa ƙofa? Aikin ɗaya ne, jikin iri ɗaya ne, bambancin kawai shi ne wancan mun riga mun ga ƙwarewarsa, wannan kuwa mun yanke masa hukunci tun kafin mu gwada shi. Abin da ya kamata a auna shi ne ko ɗalibi zai iya kaiwa ga sakamakon da ake buƙata, wato gano cuta da tabbatar da an yi wa majinyaci abin da ya dace a kan lokaci, ko da hanyar da zai bi ta bambanta da ta sauran.

Labarin Dinesh Palipana ya nuna yadda hakan ke yiwuwa a aikace. Haifaffen Sirilanka ne da ya tashi a Ostireliya, yana tsakiyar karatun likita a Jami'ar Griffith a 2010 ya yi haɗarin mota, lakarsa ta taɓu, ƙafafunsa suka daina motsi, yatsun hannunsa ma haka. Bayan shekaru ya koma aji a kan keke, ya kammala a 2016, kuma inda ya je ya yi aiki shi ne sashen gaggawa na asibitin jami'a da ke Gold Coast, wato sashen gudun nan da baffan ɗalibata ke tsoro. Sashen gaggawa aikin taro ne: wani yana sa ruwa, wani yana danna ƙirji, wani kuma yana tsaye ko yana zaune yana karanta halin majinyaci yana faɗin abin da za a yi. Tun a 1912 wani makaho mai suna Jacob Bolotin ya kammala karatun likita a Chicago, ya shahara a ciwon zuciya da huhu saboda kaifin kunnensa da yatsunsa. Philip Zazove kurma ne, ya kuma kai ga shugabantar sashen likitancin iyali a Jami'ar Michigan. Wanda zai ce waɗannan ƙasashen masu kuɗi ne, sai ya dubi Indiya, inda dokar 2016 ta ware wa masu naƙasa kashi 5 cikin 100 na guraben manyan makarantun gwamnati, kuma a 2025 kotun ƙolin ƙasar ta yi fatali da sharaɗin da ke cewa sai mai hannu biyu cikakku ne zai shiga karatun likita, ta ce a duba abin da kowane ɗalibi zai iya yi a karan kansa.

Amma misalin da ya fi burge ni ba daga waje ya zo ba, a Omdurman yake. A 1921 aka buɗe makarantar horar da ungozoma a can, shekara uku kafin a buɗe makarantar likitanci ta Kitchener a Khartoum, wadda ta zama kwalejin likitanci ta Jami'ar Khartoum. Baturiyar da ta fara jagorantar makarantar, Mabel Wolff, ta tarar yawancin matan da za ta koyar ba su iya karatu da rubutu ba. Da ta ce sai wadda za ta iya karanta sunan magani a jikin kwalba za a ɗauka, da makarantar ba ta samu ɗalibai ba. Sai aka koya musu rarrabe magunguna ta kamanni da ƙamshi da ɗanɗano, suka fita da akwatunansu suka bazu cikin garuruwa da ƙauyuka, kuma a kan wannan tushe aikin ungozoma ya ginu a Sudan. Ba a sassauta abin da ake so ungozoma ta iya ba, hanyar koyarwa aka lanƙwasa ta dace da wadda ake koyarwa. Ƙasar da ta yi wannan dabara shekara ɗari da suka wuce ba za ta ce ta rasa yadda za ta koyar da kurma awon jini ba.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ma ya tona wani asiri. Kafin yaƙin, idan ɗalibi mai keke ya roƙi a sauko da darasi daga bene na biyu, ko a ba shi laccar a rubuce, ko a ƙara masa lokaci a jarrabawa, amsar da ya fi ji ita ce tsari bai yarda ba. Da wuta ta kama Khartoum, sannan Wad Madani ta faɗi a Disambar 2023, sai ga jami'o'i suna koyarwa ta intanet, suna buɗe cibiyoyin jarrabawa a wasu garuruwa da ma wasu ƙasashe, har ɗaliban likitanci suka je Ruwanda da Tanzaniya don kammala horonsu a asibitocin can. Na yaba wa malaman da suka yi wannan ƙoƙari, domin sun ceci karatun dubban yara. Abin da nake cewa kawai shi ne an tabbatar tsarin yana lanƙwasuwa idan masu shi sun ga dama.

Har yanzu ina magana ne kamar alfarma ake nema wa mai naƙasa, alhali majinyata ne za su fi kowa cin moriyar shigarsa wannan aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2022 cewa mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya, suna rayuwa da naƙasa mai tsanani, kuma wasunsu kan mutu shekara 20 kafin sa'o'insu, sau da yawa saboda rashin samun kulawar da kowa ke samu. Wata farfesa a Jami'ar Harvard mai suna Lisa Iezzoni, wadda ita kanta a keke take yawo, ta jagoranci wani bincike da aka wallafa a 2021 a kan likitoci 714 a Amurka. Kashi 82 cikin 100 daga cikinsu suka ce a ganinsu rayuwar mai babbar naƙasa ba ta kai ta sauran mutane daɗi ba, kuma kashi 41 kacal ne suka ce suna da cikakken tabbacin za su iya ba shi kulawa daidai da ta kowa. Likitan da ya riga ya ɗauka rayuwarka ragaggiya ce, da wuya ya wahalar da kansa a kan ciwonka. Abin da ke gyara irin wannan tunani kuwa shi ne ɗalibi ya yi shekara shida a aji ɗaya da gurgu ko kurma, ya ga ya kayar da shi a jarrabawa, ya nemi ya ara masa littafinsa.

Akwai wata maƙwabciyarmu kurma, matar aure, wadda maiɗakina ta raka asibiti a kan wata lalura ta mata. Babu wanda ya iya maganar hannu a wurin, don haka ƙanenta, saurayi ɗan sakandare, shi ne tafinta. Likita na tambaya, yaron na juyawa yana yi mata alama, ita kuwa ta sunkuyar da kai tana ba da amsa guntu-guntu. Da suka dawo gida ta nuna wa maiɗakina cewa ko rabin abin da ke damunta ba ta faɗa ba, domin ba za ta iya siffanta shi da hannu a gaban ƙanenta ba. An rubuta mata magani a kan rabin labari. Da a ce a wannan asibitin akwai ma'aikaciyar jinya guda ɗaya kurma, ko wadda ta tashi cikin kurame, da an rufe ƙofa sun fahimci juna cikin minti biyar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kuma adadin masu buƙatar irin wannan fahimta ƙaruwa yake yi a ƙasar nan. Tun kafin yaƙi, cutar nan da ake kira nabit tana cinye ƙafafun manoma da makiyaya a Jazira da Sinnar da Farin Nilu har ta kai ga yankewa, shi ya sa aka kafa cibiyar bincike a kanta a Soba a 1991 ƙarƙashin Farfesa Ahmad Hasan Fahal. Yanzu ga waɗanda harsashi da bama-bamai suka raba da gaɓoɓinsu, ga waɗanda ƙarar fashewa ta kashe wa kunne, ga masu ciwon sukari da suka rasa magani har ƙafa ta ruɓe. A cikinsu akwai yaran da suke aji biyu ko aji uku a kwalejojin lafiya lokacin da abin ya same su. Waɗannan za su dawo su ƙwanƙwasa ƙofar kwalejojinsu, kuma dole a tanadi amsar da za a ba su tun yanzu.

Ta fuskar doka ba mu da uzuri. Sudan ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa a 2009, yarjejeniyar da sashenta na 24 ya yi magana a kan ilimi, na 27 kuma a kan aiki, ta kuma wajabta a yi wa mutum gyaran da bai fi ƙarfin ma'aikata ba don ya iya karatu ko aiki. Muna da dokar masu naƙasa ta 2017, kuma dokar aikin gwamnati ta 2007 ta ware musu aƙalla kashi 2 cikin 100 na guraben aiki. A Saudiyya, inda da yawanmu muke da 'yan'uwa, dokar ƙwadago ta ɗora wa duk ma'aikatar da ke da mutum 25 ko fiye ta ba su kashi 4 cikin 100, matuƙar yanayin aikin ya ba da dama. Ni dai ba na ɗora dogaro mai yawa a kan kaso, domin abu ne mai sauƙi a cike shi da masu ɗaga waya da masu buga hatimi, a bar ɗakin duba marasa lafiya yadda yake. Kason da ba a fara shi daga ƙofar kwaleji ba, ba zai taɓa samar da likita ko mai haɗa magani ba.

Gyare-gyaren da ake magana a kai kuwa yawancinsu ba su kai tsadar da ake zato ba. Gangara a gefen matakala siminti ne da yashi. Teburin awo da aka rage masa tsayi aikin kafinta ne na yini guda. Akwai abin sauraren ƙirji mai ƙara sauti, har da wanda ke nuna bugun zuciya a fuskar waya, ga manhajojin da ke karanta wa makaho rubutu ko su mayar wa kurma magana rubutu. Abin da ya fi wuya shi ne banɗaki da ɗakin kwanan ɗalibai da hanyar zuwa asibitin koyarwa, musamman a damina a gari mai laka irin Gadarif, inda mai ƙafa biyu ma da kyar yake fita. Yanzu da za a sake gina asibitoci da kwalejojin da yaƙi ya lalata, faɗaɗa ƙofa da sa gangara tun a zanen gini ya fi araha nesa ba kusa ba a kan a dawo ana fasa bango daga baya.

Shekarar imtiyaz, wato shekarar horon sabon likita a asibiti bayan kammala kwaleji, ita ce wani shingen da ba a cika tunawa da shi ba. Matashin likita yana zagaya sassa, yana kwana a asibiti, kuma rabon aiki yana hannun manyansa. Idan aka samu babba mai fahimta, sai a tsara masa kwanan aiki tare da abokin da za su cike wa juna, shi ya ɗauki abin da ya fi ƙwarewa a kai. Idan aka samu akasin haka, sai a ajiye shi gefe yana rubuta takardun sallama har shekara ta ƙare, ya fita da shaida ba tare da ƙwarewa ba, sannan a dawo a ce ai dama an faɗa. Bai kamata makomar mutum ta rataya a kan halin wanda ya tarar a sashe ba, ya kamata Majalisar Likitocin Sudan da kwalejoji su rubuta ƙa'ida bayyananna a kan abin da dole kowane ɗalibi ya yi da hannunsa, da abin da ya isa ya san shi ya kuma iya jagorantar wani ya yi, sannan a sa likita mai naƙasa a cikin kwamitin da ke tantance irin waɗannan ɗalibai.

Ga iyayenmu kuwa, roƙona ƙarami ne. Kafin a cike takardar neman gurbi, a kira yaron a tambaye shi abin da yake so, a kuma nemi wani likita ko mai haɗa magani ko ma'aikacin awo ya zauna da shi ya faɗa masa yadda yinin aikinsa yake tun daga safe har dare, domin shi yaron ya fi kowa sanin abin da jikinsa zai ɗauka. Idan ya zaɓi fannin lafiya, a bar shi ya rubuta. Idan wani kwamiti ya ce bai dace ba, a nemi a rubuta dalilin a takarda, a faɗi takamaiman aikin da ake ganin ba zai iya ba, sannan a tafi da takardar wurin ƙungiyar makafi ko ta kurame ko ta guragu da ke jihar, a nemi a sake duba lamarin a gaban yaron, a ba shi dama ya gwada aikin da hannunsa.